Dutsen Kuri da Takardar Gonar Baba

Tokachi, watan Satumba

Zuwa ga Yayana Tokuji,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabin da ya kamaci ƙanwa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Teruko da yara da jikoki gaba ɗaya. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sa aikin da aka yi maka a ido shi ne ƙarshen wahalar. Ɗanka Osamu ya rubuto cewa tun da aka cire maka yanar nan kake zagaya gida kana nuna wa mutane ƙura a kan kabad, har Yaya Teruko ta ce da ta sani da an bar ka yadda kake. Na yi dariya har da hawaye. Ganyen shayin nan naku na Paraguay ya iso, na gode, ko da yake har yau ban gane abin da kuke ji a cikinsa ba, ni dai ɗaci nake ji da hayaƙi. Mu nan lafiya lau, sai gwiwoyin nan da suka mai da ni mai duban ruwan sama. Wake ya yi kyau bana, an kuma fara haƙar dankali. Lokacin ziyarar kabari na je na wanke na Baba da Inna, na kunna turare da sunanka kamar kullum. Sai dai in yi maka ta'aziyyar Genzo, abokin kamun kifinka na yarinta, ya rasu a watan Yuli a gidan tsofaffi. An ce bai sha wahala ba.

To Yaya, ga abin da ya zaunar da ni rubutu, ni da ba na shiri da alƙalami. A cikin ambulan ɗin nan za ka ga wata takarda mai gurbi biyu a ƙasa, ɗaya nawa, ɗaya naka. Takardar sayar da gonar Baba ce. Ka san tun rasuwarsa gonar na ɗauke da sunanmu mu biyu, ba ta sayuwa sai da hatimina da sa hannunka. Wani kamfani ya sayi tsohuwar gonar su Genzo da ke jikin tamu, ya gina abin da suke kira Ƙauyen Masu Saran Daji, inda kakanni ke zuwa hutu da jikokinsu, su yi kwana uku suna rayuwa wai irin ta mutanen da suka fara buɗe ƙasar nan. Yanzu suna so su haɗa da tamu. Ɗana Norihiko ya matsa mini lamba, kuma ban ga laifinsa sosai ba. Shekara goma sha biyar ke nan yana tuƙo mota awa uku daga Sapporo, sau biyu a shekara, don ya yanke sasa, ciyawar nan mai kama da ƙananan gora, a gonar da ba a shuka komai a cikinta, ga bayansa ya fara ciwo. Har na riga na ce masa to. Shi ne don ya faranta mini rai ya kama mana wuri ni da 'yarsa Chinami mai shekara goma, wai in je in gani da idona irin mutuncin da za a yi wa gumin Baba. Na je, na gani. Kada ka taɓa takardar nan sai ka karanta har ƙarshe.

Tun daga ƙofa raina ya fara ɓaci. Wata budurwa mai jagorantarmu, Ayane, fara'a kamar an ɗaure mata baki da zare, ta raba mana kayan sawa. Wandon noma ne irin na Inna, amma sabo fil, an ɗinka masa faci don ya yi kama da tsoho. Ka san inda suka sa facin? A ƙwauri! Na ce mata 'yar nan, wa kika taɓa gani wandonsa ya ci a ƙwauri? Gwiwa ce ke ci, sai mazaunai. Ta rusuna ta ce kai, Kaka gwana ce, za ta gaya wa manya, ta wuce abinta. Sannan aka kai mu bukkar kwana. Daga waje kam sun kwaikwayi tamu, jinkar ciyawa har ƙasa, tabarma a ƙofa. Ina shiga na ji sanyi ya bugi fuskata, ashe na'urar sanyaya ɗaki ce aka ɓoye a bayan zana. Fitilar lantarki ce, an koya mata yin rawa kamar ta kananzir. Har warin hayaƙi suna da shi a kwalba, ana fesawa da safe. Na tuna yadda muke farkawa dusar ƙanƙara ta rufe bargo, numfashinmu ya daskare a gefen wuya, idon Inna kullum jajir da hayaƙi. Chinami kuwa tsalle take yi a kan katifa tana cewa Kaka ashe daɗi kuka sha, me ya sa kuka bar irin wannan gida. Na ce mata zauna kafin ki karya musu talaucinsu.

Washegari da hantsi aka ce za a tumɓuke kututture. Aka kai mu wani fili mai ciyawa a gyare kamar na wasan ƙwallo, ga kututture ɗaya a tsakiya an ɗaura masa igiya. Ayane ta yi jawabi cewa mutanen dā ba su da komai amma zuciyarsu cike take da farin ciki. Wasu tsofaffi daga Tokyo, waɗanda ko fartanya ba su taɓa riƙewa ba, suna ta gyaɗa kai, wata har da share ido. Yara goma sha biyu da kakanninsu suka kama igiya, aka ƙirga uku, aka ja, sai ga kututture ya fito sumul, saiwoyinsa a yanke tsaf. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Bayan cin abinci na koma neman hulata da na manta a kan benci, sai na tarar da ma'aikata biyu da 'yar motar haƙa suna mayar da shi cikin raminsa, suna yayyafa ƙasa a kai saboda ayarin yamma. Ɗayansu ya gan ni, ya ce sannu Kaka, wannan ai ya fi mu daɗewa a aikin nan, sau huɗu yake fita a rana. Yaya, kututture ɗaya Baba yakan yi kwana huɗu a kansa, yana sara yana haƙa, kai kana jan linzamin goɗiyarmu Kuri, ni ina kwashe saiwa. Ciwon bayan da ya bi shi har kabari a nan ya same shi. Na ɗauki hulata na bar wurin.

Duk da haka na yi niyyar kama bakina saboda yarinya. Chinami ba ta cika zuwa wurina ba, sau ɗaya ne a shekara, kuma ban taɓa ganin ta sake da ni irin wannan karon ba. Ta samu 'yar bororo a tafin hannu daga jan igiya, tana ta nuna mini ita kamar lambar yabo. Amma da aka zo abincin rana washegari sai haƙurina ya ƙare. Wai za a koya mana dunƙulen daskararren dankali, abincin mutanen farko. Dankali ne mai kyau aka sa a firji kwana ɗaya, aka kwaɓa da gari, aka soya da man shanu, aka kwarara zuma a kai. Ayane ta bi tebur tana tambayar kowa, da ta zo kaina ta ce Kaka, ya tuna miki da dā ko? Na ajiye tsinken cin abinci na ce bai tuna mini da komai ba. Na ce na gaskiyar, wanda ya kwana a gona duk tsawon hunturu ne, idan ƙanƙara ta narke a bi laka ana tsinto shi baƙi ƙirin, a matse ruwan ɗoyinsa da hannu, a jiƙa a rafi kwana da kwanaki, a daka, a gasa a toka, a toshe hanci a haɗiye. Na ce warinsa yakan yi sati a farce. Wani dattijo ya ture kwanonsa. Chinami ta ja mini hannun riga, fuskarta ja, ta ce a hankali, Kaka don Allah ki bari, kowa yana kallonmu. Na bari, amma abincin ya riga ya lalace wa kowa.

Da la'asar aka ba yara kati, su bi wata hanya cikin itatuwa suna buga tambari a wurare bakwai. Ina biye da Chinami ina jan ƙafa. A wuri na shida sai na hango dutsen doki a gindin itace, irin wanda kowane gida a yankinmu ya kafa wa dokin da ya mutu a bakin aiki, da rubutu a jiki da gansakuka a kafaɗa. Na ce a raina ashe sun bar na su Genzo a inda yake, ashe dai akwai mai hankali a cikinsu. Na karɓi karas ɗin da aka ba Chinami don ɗan dokin da yara ke hawa, na durƙusa da ƙyar, na zuba ruwan gorata a kan dutsen, na ajiye karas, na haɗa hannu na yi masa godiya kamar yadda Inna ta koya mana. Da na zo tashi gwiwa ta ƙi, sai na dafa shi. Yaya, dutsen nan ya tafi da ni! Ya kife, ya gangara yana ƙara kamar bokitin da ba ruwa, har ya tsaya a kwata. Roba ce, cikinta wayam, gansakukar ma fenti ne, ga takardar masana'anta manne a gindi. Ni kuma ina kwance a gefe ɗaya da wandon faci a ƙwauri. Yara suka fashe da dariya, manya suna dannewa. Shekarata saba'in da ɗaya, ban taɓa jin kunya da ƙyama sun haɗu mini wuri ɗaya irin na ranar ba. Roba na yi wa godiya, a gaban jikata.

Nan da nan manajan wurin, wani mai suna Hosokawa, ya zo a guje yana rusunawa, ya kai ni ofis, ya kawo shayi da magani. Da ya ji sunana sai ya ƙara rusunawa, ya ce ashe mai gonar ce da kanta. Ya ce wallahi abin da ya faru ya nuna dalilin da ya sa suke son gonarmu, don baƙi sun sha yin ƙorafi cewa dutsen ba na gaske ba ne, namu kuwa ya je ya gani, babu irinsa. Ya buɗe mini zane. Za su ɗauko dutsen Kuri da motar ɗaga kaya su kafa shi a bakin ƙofa, kusa da rumfar askirim, yara su riƙa shafa shi don sa'a. Sun ma rubuta labarinta. Sun sake mata suna Tauraruwa, wai Kuri bai da daɗin faɗa, kuma wai ta tsufa ne ta mutu cikin barci, yaran gida suna shafa mata geza. Har 'yar tsana sun zana da jan ƙyalle a wuya. Na ce to, abin da ke ƙarƙashin dutsen fa? Ya dube ni bai gane ba. Na ce ƙashinta. Ya ce af, wannan gefen ai filin ajiye manyan motoci za a yi, amma kada in damu, za a kira mai addu'a kafin a zuba kwalta. Mutumin nan ba mugu ba ne, Yaya, abin da ya fi ba ni ƙyama ke nan. Da zuciya ɗaya yake magana, yana jiran in gode masa.

Ranar ƙarshe da safe, ana shirin koya wa yara saƙa takalmin ciyawa, na ce wa Chinami zo mu je ki ga dutsen gaske. Muka bi ta bayan shinge. Tafiyar da muke yi a guje muna yara ta ɗauke mu kusan awa ɗaya. Norihiko bai yi yankan bana ba, sasa ta kai mini ƙirji, Chinami kuwa ta shanye ta gaba ɗaya. Ganye ya yanka mata hannu, bobuwa ta cije ta a wuya har jini, ta fara kuka tana cewa ita a mai da ita, wannan ba wuri ba ne, daji ne. Na ce ai shi ne kika zo gani. Muka sami dutsen a inda kuka kafa shi kai da Baba, ya ɗan karkata, rubutun Baba ya kusa shafewa. Na share shi da hannu, na zuba ruwa. Ta dafa shi da yatsa ɗaya, ta tura, ta ƙara turawa da hannu biyu, bai motsa ba. Ta daina kuka. Ta tambaye ni ko wannan ce Tauraruwa da ta mutu cikin barci, don an riga an karanta musu labarin a aji na safe.

Nan ne na yi abin da har yanzu ban san ko daidai ne ba. Na ce sunanta Kuri, kuma ba a barci ta mutu ba. Na gaya mata shekarar da rani ya zo da sanyi, wake ya ƙi 'ya'ya, dankali ya ruɓe a ƙasa. Na gaya mata yadda ƙafar Kuri ta faɗa ramin kututture ta karye, ta kwana biyu tana nishi, yadda kai, kana da shekara goma sha biyar, ka tuɓe rigarka ka rufe mata ido, Baba ya ɗauko gatari. Na gaya mata cewa Inna ta rataye naman a bayan bukka ya daskare, shi ya fitar da mu hunturun nan mu huɗu, kuma da ba don shi ba da babu ni, babu babanta, babu ita. Na ce dutsen nan daga rafi kuka jawo shi da igiya a kafaɗa, don babu sauran dokin da zai ja. Ta ce, Kaka ke ma kin ci? Na ce na ci. Ta ce kina kuka? Na so in ce e, wallahi na so. Amma kwana uku ina jin ƙyamar ƙaryar mutane, ban iya ƙara tawa a kai ba. Na ce ban yi kuka ba, shekarata tara, yunwa nake ji, na cinye na miƙa kwano a ƙara mini, kuma har yau ban ci abin da ya kai shi daɗi ba. Ta dube ni irin kallon da na yi wa dutsen roba. Ta juya ta yi amai a cikin ciyawa.

Ba ta ƙara yi mini magana ba. Da aka zo raba takardar shaidar zama ɗan saran daji ta ƙi tashi ta karɓa, ta tuɓe wandon ta ninke ta ajiye. A mota ta zauna can baya. Surukata Shiori ta bugo washegari, cikin ladabin nan nata mai sanyi, ta ce Mama, yarinyar ta daina cin nama, kuma ko da gaske ne sai an gaya wa 'yar shekara goma irin wannan? Norihiko ya fi ta fitowa fili. Da na ce masa na janye, ba zan buga hatimi ba, ya ce shi ke nan, amma in sani shi ya gama, ba zai ƙara ɗora injin yankan ciyawa a mota ba, in ina son gonar in je in yanka da kaina. Ya san ba zan iya ba. Ban yi fushi da shi ba. Ni da kai mun san sasa, shekara uku ta ishe ta ta rufe hanyar, shekara goma ko mai gonar ba zai gane inda dutsen yake ba.

Na auna abin nan sati uku, Yaya. Ko dai a ɗauke dutsen a kai shi bakin ƙofa, dubban yara su shafa shi suna kiran Kuri da sunan da ba nata ba, motoci suna tsaye a kan ƙashinta, ko kuwa daji ya haɗiye ta kowa ya manta. Na zaɓi daji. Daga hannunsa aka ƙwaci gonar, in ya karɓi abinsa ai bai yi wa kowa ƙarya ba. Shi ya sa za ka ga gurbina babu komai. Amma rabin gonar naka ne, kuma kai ka riƙe kan Kuri ranar nan, ba ni ba. Shekara huɗu bayan mutuwarta ka hau jirgin ruwa zuwa Paraguay, kuma a duk takardun da ka rubuto mini ba ka taɓa ambaton sunanta ba. In ka ga na yi kuskure, ka sa hannu ka dawo da takardar, zan buga hatimina ban ce uffan ba. In ka yarda da ni, ka jefa ta a murhu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a duk ƙasar nan yanzu mu biyu ne muka san wadda ke kwance a wurin da yadda ta mutu, ni da yarinyar da na bugo wa waya sau biyar ta ce a ce tana wanka.

Ka gaishe mini da Yaya Teruko da kyau, ka ce ta ƙara haƙuri da sabon idonka. Ina gaida Osamu da matarsa Graciela, da Sachie da maigidanta, da jikoki Mateo da 'yar auta Luz, wadda na ga hotonta ta ɗauko goshin Inna sak. Norihiko bai ce in gaishe ka ba, amma na san da muna shiri da ya ce. Ka riƙa sa hula idan za ka fita gona, ka kuma ba ni amsa kafin ƙanƙara ta sauka, don manajan nan Hosokawa zai zo a watan Nuwamba kuma ina so in san ko ni kaɗai ce zan tare shi a ƙofa.

Taka ƙanwa har kullum,
Matsue